Daga Ɗakin Gwada Kaya zuwa Farar Mota: Asalin Gargaɗin Ƙarya kan Safarar Mutane

A farkon watan Disamba na 2019, magajin garin Baltimore da ke Amurka, Bernard Young, wanda aka fi sani da Jack, ya tsaya gaban kyamarar wani gidan talabijin ya ja kunnen mutanen birninsa. Ya ce kada kowa ya ajiye motarsa kusa da farar motar ɗaukar kaya, kuma kowa ya riƙe wayarsa a hannu, domin akwai masu yawo a irin waɗannan motoci suna neman 'yan matan da za su sace, a jefa su karuwanci ko a sayar da sassan jikinsu. Da aka tambaye shi inda ya samo labarin, sai ya ce ba daga 'yan sanda ya ji ba, abin ne ya cika Facebook. Su kuwa 'yan sandan birnin suka ce babu rahoton ko mutum ɗaya da aka sace ta wannan hanya a hannunsu.

Wannan fa shugaban birni ne mai mutum kusan 600,000, wanda kiran waya ɗaya ya ishe shi ya ji gaskiya daga bakin kwamishinan 'yan sanda. Amma labarin da ya kama shi ba na wasa ba ne. Ya girmi Facebook, ya girmi talabijin ɗin da aka nuna shi a ciki, ya kuma kayar da waɗanda suka fi shi wayo.

Masu bin diddigin wannan tsoro sukan fara daga Landan a watan Yuli na 1885. A lokacin ne W. T. Stead, editan jaridar Pall Mall Gazette, ya buga jerin rahotanni kan yadda ake cinikin ƙananan 'yan mata a gidajen karuwai. Don ya nuna cewa abin na yiwuwa, shi da kansa ya shirya aka sayi yarinya 'yar shekara 13 a kan fam 5. Jaridar ta yi kasuwa, majalisa ta ɗaga shekarun da doka ta yarda yarinya ta amince da namiji daga 13 zuwa 16, shi kuma Stead ya sha ɗaurin wata uku saboda yadda ya ɗauki yarinyar. Akwai gaskiya a ƙarƙashin rahoton: talauci na tura 'yan mata wannan hanya. Sai dai hoton da ya zauna a zukatan masu karatu shi ne na yarinya 'yar gidan mutunci da aka shaƙa wa magani aka yi gaba da ita.

Hoton ya haye teku. Daga wajen 1907 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, biranen Amurka sun cika da labarin abin da suka kira bautar da fararen mata. Lokacin 'yan mata na barin ƙauye suna shiga birni aikin kanti da ofis, baƙi kuma na kwarara daga Italiya da gabashin Turai. Aka ce akwai ƙungiyar baƙi mai rassa a ko'ina, mutanenta na soka wa mata allurar barci a gidajen sinima. A 1910 aka kafa kwamitin bincike na kotu a New York a ƙarƙashin John D. Rockefeller ƙarami. Kwamitin ya tarar da kawalai da gidajen karuwai, amma bai ga wata ƙungiya mai tsari ba. A shekarar ce kuma aka zartar da dokar Mann ta hana safarar mata, kuma cikin waɗanda ta fi shahara da kamawa akwai Jack Johnson, baƙar fata zakaran damben duniya, wanda aka samu da laifi a 1913 saboda tafiya da farar mace da ke tarayya da shi.

Inda aka fi ganin cikin wannan labari tsirara shi ne garin Orléans na Faransa, a watan Mayu na 1969. Magana ta tashi tsakanin 'yan matan makarantun sakandare cewa mata na ɓacewa a ɗakin gwada kaya na wani kantin tufafi. Wai da zarar mace ta shiga ta ja labule, sai a yi mata allura, a zura ta ta wata ƙofa a ƙasa, a fitar da ita ƙasar waje. Cikin 'yan makonni kanti ɗaya ya zama shida. Aka ƙara ramukan ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa kantunan, har wasu suka kawo jirgin ruwa mai nutso da ke jira a kogin Loire. Malamai suka gargaɗi ɗalibai, iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa sayayya. A ranar 31 ga Mayu jama'a suka yi cincirindo a bakin kantunan suna huci. Duka kantunan shida na Yahudawa ne, shekara 25 kacal bayan an kwashi Yahudawan Faransa zuwa sansanonin mutuwa.

Babu mace ko ɗaya da aka kai rahoton ɓatanta ga 'yan sanda. Masanin zamantakewa Edgar Morin ya je garin da tawagarsa, suka zauna da mutane, ya fitar da littafi kan lamarin a wannan shekarar. Abin da ya fi ɗaukar hankali a bincikensa shi ne yadda rashin hujja ya zama hujja. Jaridu ba su buga ba, sai aka ce an saye su. 'Yan sanda ba su kama kowa ba, sai aka ce an toshe musu baki. Kuma kowa ka tambaya, ba shi ya gani ba, ƙawar ƙanwarsa ce, ko matar maƙwabcin wani ɗan sanda. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma buɗe wayarsa yau zai gane kayan. Tsohuwar riga ce ake ta mayarwa marina: launi na sakewa, ɗinkin na nan yadda yake.

A Amurka tsoron ya dawo ta kan yara. Ɓatan Etan Patz a New York a 1979 da kisan Adam Walsh, wanda aka sace daga wani babban kanti a Florida a 1981, abubuwa ne na gaskiya masu sosa rai, kuma sun girgiza ƙasar. Daga 1984 aka fara buga hotunan yaran da suka ɓata a jikin kwalin madara, yaro na karin kumallo yana kallon fuskar sa'ansa. Aka riƙa yawo da adadin cewa baƙi na sace yara 50,000 duk shekara. A 1985 jaridar Denver Post ta bi sawun wannan adadi, ta gano cewa shari'o'in irin wannan sata da hukumar FBI ta bincika a shekarar da ta gabata ba su kai 100 ba. Mafi yawan yaran da ake kira ɓatattu sun gudu daga gida ne, ko kuwa uba ko uwa ne ya ɗauke su a rikicin saki. Rahoton ya ci lambar yabo ta Pulitzer, amma adadin bai mutu ba. Wani binciken gwamnati da aka fitar a 2002 ya ƙiyasta cewa an kai rahoton ɓatan yara kusan 800,000 a 1999, kuma a cikinsu irin satar da iyaye ke tsoro, wadda baƙo ke ɗauke yaro ya yi nisa da shi, kimanin 115 ce. Adadi na farko ya shiga bakin duniya, har yau ana maimaita shi. Na biyun sai mai bincike.

A waɗannan shekaru ne kuma wata tatsuniya ta zagaye manyan kantuna: uwa ta juya baya, yarinya ta ɓace, aka rufe ƙofofi, aka same ta a banɗaki an aske mata kai an sa mata kayan maza. Masanin tatsuniyoyin birni Jan Harold Brunvand ya tattara ire-irenta daga garuruwa da dama, kowane gari da sunan nasa kantin. Da na'urar faks da imel suka zo, labarin ya samu ƙafa. A 1997 saƙon satar ƙoda, wanda ke cewa matafiyi na farkawa a bahon ƙanƙara an yanke masa ƙoda, ya sa 'yan sandan New Orleans suka fitar da sanarwar ƙaryatawa saboda yawan kira. Tun kafin nan, a 1994, jita-jitar sace yara don cire sassan jiki ta sa jama'a sun yi wa wata Ba'amurkiya 'yar yawon buɗe ido dukan kawo wuƙa a wani gari na Gwatamala.

Shekarar 2000 ta kawo abu mai kyau da kuma abin da ya biyo bayansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo kan yaƙi da safarar mutane, Amurka ta yi tata dokar, Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. A ma'anar doka, safarar mutum ita ce a ɗauke shi ko a riƙe shi ta hanyar ƙarfi, yaudara ko bashi domin a ci da guminsa ko da jikinsa. Ba sai an sace shi ba, ba sai an tsallaka iyaka da shi ba. To amma bashi da yaudara ba sa yin kyau a jikin fosta. Masu wayar da kai da masu neman tallafi suka fi son hoton yarinya ɗaure da sarƙa, an rufe mata baki. Gabanin gasar cin kofin duniya ta 2006 aka ce za a shigar da mata 40,000 Jamus; bayan gasar hukumomin ƙasar suka ce shari'o'i 5 ne suka ga suna da alaƙa da ita. Sannan a 2008 fim ɗin Taken ya fito, inda gungun Albaniyawa suka sace 'yar wani tsohon jami'in leƙen asiri jim kaɗan bayan ta sauka a Paris. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin wanda aka yi safararsa ba, daga wannan fim suka ɗauki darasinsu.

Facebook ya tarar da wannan duka a ƙasa. Sabon abin da ya kawo, a ganina, ɗaya ne, kuma shi ne ya sauya komai: ya cire ƙawar ƙanwa daga labarin. Daga wajen 2015 saƙonnin suka koma bakin mai su. Mace ce da sunanta da hotonta da na 'ya'yanta, tana cewa jiya wannan abu ya same ni. Wanda ya fi shahara ya fito daga kudancin California a watan Maris na 2017. Wata uwa ta rubuta cewa ta je kantin IKEA da mahaifiyarta da 'ya'yanta uku suna duba kujeru, sai ta lura da wasu maza biyu da ke zagaye su, ba sa sayen komai, in sun zauna su zauna, in sun tashi su tashi. Ta ce jikinta ya ba ta cewa masu safarar mutane ne. An yaɗa rubutun fiye da sau 100,000.

A duba abin da ya faru a cikin wannan labari. Babu wanda ya taɓa yaro, babu wanda ya yi magana, babu wanda aka kama. Kuma duk wanda ya san kantin ya san hanya ɗaya ce aka shata wa kowa daga ƙofa zuwa wurin biya, don haka wanda kuka shiga tare za ku yi ta haɗuwa. Haka kusan dukkan irin waɗannan saƙonni suke: an kusa, Allah ya kiyaye. Nan ne ƙarfinsu yake, domin abin da bai faru ba ba ya ƙaryatuwa. Idan ba a sace kowa ba, ai saboda uwar ta yi hattara ne. Ba na jin yawancin masu rubuta su maƙaryata ne. Tsoron da suka ji na gaske ne, mace a wurin ajiye motoci da dare tana da dalilin jin tsoro. Fassarar ce aka riga aka tanadar musu tun kafin su bar gida. Mai turawa kuma ba ya asarar komai: dannawa ɗaya ce, ya ji ya yi aikin lada, in ka yi masa magana ya ce ai rigakafi ya fi magani.

Daga nan sai aka shiga zamanin alamomi. A Fabrairu na 2017 wata matashiya a Flint ta jihar Michigan ta tarar da riga naɗe a jikin abin share gilashin motarta, aka ce dabara ce ta sa ta fito a cafke ta. 'Yan sanda suka bincika suka ce tsokana ce ta wasu. A Oktoba na 2018 'yan sandan San Angelo a Texas suka ƙaryata saƙon da ke cewa ana ɗaura siririyar igiyar roba, irin wadda masu gyaran wuta ke tattare wayoyi da ita, a jikin mota ko akwatin wasiƙa don a yi wa mace shaida. Aka zo da takardar dala 100 a gilashi, da kujerar jariri a gefen hanya, da haruffan da ake rubutawa a bayan mota wai suna nufin mace ɗaya da yaro ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi amfanin shaidar ga mutumin da ya riga ya ga motar da mai ita da idonsa. Ba wanda ya tambayi dalilin da zai sa mai wannan sana'a ya zaɓi matar da ke da miji da waya da kyamarori a kanta, wadda kafin magariba hotonta zai cika talabijin. Mai safara na neman wanda in ya ɓata ba mai cigiyarsa.

Kamfanin ma ya taimaka, ko da bai yi niyya ba. A Janairu na 2018 Facebook ya sauya tsarin da ke zaɓar abin da mutum zai fara gani, ya fifita rubutun dangi da abokai da zaurukan unguwa, musamman wanda ya jawo tsokaci da yawa. Babu abin da ke jawo tsokaci kamar uwa a firgice. Sanarwar 'yan sanda kuwa takan zo bayan kwana biyu, cikin busasshen harshen ofis, a shafin da 'yan garin kaɗai ke bi, alhali saƙon ya riga ya sake sunan gari sau goma.

Siyasa ta shigo ta wata ƙofar. Gab da zaɓen 2016, bayan WikiLeaks ta saki imel ɗin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, wasu suka ce sunayen abinci da ke ciki kalmomin sirri ne na cinikin yara, kuma ana tsare yaran a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan abincin Comet Ping Pong a Washington. Ranar 4 ga Disamba wani mutum ya tuƙo mota daga North Carolina da bindiga, ya shiga ya yi harbi don ya ceto su. Ginin ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mutumin ya samu ɗaurin shekara huɗu. A Oktoba na 2017 aƙidar QAnon ta tsiro daga wannan toka, tana cewa manyan duniya ne ke cinikin yara kuma Donald Trump na yaƙarsu a ɓoye.

Rafukan biyu, na iyaye mata masu tsoron kanti da na masu siyasa, sun haɗe a watan Yuli na 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gida da wayoyinsu. Wani ya lura a dandalin Reddit cewa kamfanin kayan ɗaki na Wayfair na sayar da wasu kabad a kan dala 12,000 zuwa 14,000, kuma kowanne da suna irin na mace. Sai aka shiga neman sunayen a jerin yaran da aka taɓa cigiya, aka haɗa hoton kabad da hoton yarinya, aka ce ga ta nan ana sayarwa. Kamfanin ya ce manyan kabad ne na masana'antu, kuɗinsu ke nan, sunayen kuma na'ura ce ke raɗa wa kaya. Da yawa daga yaran sun daɗe da komawa gida. Wata daga cikinsu ta fito kai tsaye a Facebook tana cewa ga ta a raye, ba wanda ya sayar da ita, masu kallo suna ce mata tilasta ta aka yi. Jaridar Washington Post ta ba da labarin wata 'yar shekara 13 a Michigan da ta ga fuskarta na yawo a duniya, har ta koma tsoron fita ƙofar gida. Ƙungiyar Polaris, wadda a lokacin take kula da layin kiran gaggawa na ƙasa kan safarar mutane, ta ce rahotannin Wayfair sun yi mata yawa har suna hana ta sauraron masu buƙatar taimako na gaske, kuma babu ko ɗaya da ya zo da abin da za a iya tabbatarwa. A watan Agusta aka yi zanga-zanga a birane da dama da taken ceton yara, wanda aka ara daga sunan tsohuwar ƙungiyar agaji ta Save the Children ba da yawunta ba. Sai a Oktoba Facebook ya haramta shafukan QAnon.

A Amurka abin ya fi tsayawa a firgici da ɓata suna. A wasu wuraren jini ya zuba. A Karachi ta Pakistan wata ƙungiya mai suna Roshni Helpline ta shirya ɗan gajeren bidiyon faɗakarwa: yara na wasa a titi, mutum biyu a kan babur suka zo suka sure ɗaya suka tsere, can sai suka dawo suka ajiye shi, ɗayansu ya ɗaga allo mai jan hankalin iyaye. Wani ya yanke ƙarshen. Abin da ya rage, mai kama da ɗaukar kyamarar tsaro, ya shiga WhatsApp a Indiya da bayanin cewa masu satar yara sun shigo yankinku. Aka haɗa shi da hotunan gawarwakin yaran Siriya da harin guba ya kashe a 2013. An kashe mutum bakwai a jihar Jharkhand a Mayu na 2017. A Yuni na 2018 aka kashe samari biyu a Assam da suka tsaya da motarsu a wani ƙauye, a Tripura kuma aka kashe mutumin da hukuma ta ɗauka ya zagaya da lasifika yana cewa labarin ƙarya ne. Ranar 1 ga Yuli, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, maza biyar 'yan wata ƙabila mai yawon bara suka sauka daga bas ranar kasuwa, ɗayansu ya yi wa wata yarinya magana. Aka ja su zuwa ofishin ƙauye, taro ya ɓalle ƙofa ya kashe su duka.

Bayan wata biyu, a garin Acatlán na jihar Puebla a Meziko, wani ɗalibin lauya ɗan shekara 21 da baffansa manomi suka shigo gari sayen kayan gini. 'Yan sanda suka tsare su kan ƙaramin laifi. Saƙon masu satar yara na yawo a WhatsApp a lokacin, sai aka ce su ne. Wani ya kaɗa ƙararrawar gari, wani ya shiga tara kuɗin fetur, wani ya buɗe Facebook yana nunawa kai tsaye. Mahaifiyar saurayin, wadda ke aiki a Amurka, ta ga abin a wayarta, tana rubutawa a ƙarƙashin bidiyon tana roƙo a bar mata ɗanta. An ƙone su a bakin ofishin 'yan sanda. A Maris na 2019 farar motar ta bayyana a unguwannin bayan Paris, aka far wa 'yan ƙabilar Roma a Bobigny da Clichy-sous-Bois, 'yan sanda suna ta nanata cewa ba a sace kowa ba. Yahudawa a Orléans, mabarata a Rainpada, Roma a Paris: labarin bai taɓa rasa wanda zai nuna da yatsa ba, kuma koyaushe wanda ba shi da mai tsaya masa ne.

Kisan Indiya ne ya tilasta wa WhatsApp ya motsa. A Yuli na 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a Indiya, a Janairu na 2019 ya faɗaɗa dokar zuwa duniya. A Afrilu na 2020 saƙon da ya yi yawo da yawa ya koma wuri ɗaya a lokaci guda, kamfanin ya ce yaɗuwar irinsa ta ragu da kashi 70 cikin 100. 'Yar kibiyar nan mai baki biyu da muke gani a saman saƙo, daga can ta samo asali. Hukunci a kan mai ƙirƙirar labari kuwa da wuya ake ganinsa. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ya faru a Petaluma ta California, inda a Disamba na 2020 wata mai neman mabiya a Instagram ta ce wasu mata da miji sun yi yunƙurin sace mata yara a wani kanti. Bidiyonta ya samu kallo sama da miliyan 4. Mutanen, 'yan asalin Latin Amurka, iyayen yara biyar, kayan adon Kirsimeti suka je saye. A 2023 kotu ta same ta da laifin kai rahoton ƙarya, ta yanke mata kwana 90.

Alƙaluman waɗanda ke aikin da gaske suna nuna wani wuri dabam. A bayanan Polaris na 2020, cikin waɗanda aka jefa karuwanci kuma aka san wanda ya jawo su, kashi 42 cikin 100 ɗan uwa ne ya kai su, kashi 39 kuma saurayi ko mai alkawarin aure. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke aikin tilas, da yawansu a gonaki, gine-gine, masana'antu da aikatau.

Mu a nan ba za mu ari kwanciyar hankalin Amurkawa yadda take ba, domin satar mutane a wurinmu ba tatsuniya ba ce. A Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka nuna yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai Onitsha aka sayar, an sauya musu suna, wasu Hausa ma ta kuɓuce musu. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran gungun, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Don haka uban da saƙon murya ya shigo wayarsa cewa masu satar yara sun shigo gari, a tura wa 'yan uwa, ba wauta ce ke sa gabansa faɗuwa ba. Sai dai saƙon ba ya zuwa da sunan yaro, ko unguwa, ko ofishin 'yan sandan da aka kai ƙara, kuma wanda yakan kwana a ciki shi ne baƙo, ko mai taɓin hankali, ko matar da aka gani da yaron da bai yi kama da ita ba. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a Disamba na 2021, mai makarantar da take zuwa ne ya ɗauke ta, mutumin da ta sani, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a Yuli na 2022. 'Yan matan Edo da suka ƙare a titunan Italiya, da yawansu da saninsu da na iyayensu suka tafi, bayan an kai su wurin boka sun yi rantsuwar biyan bashi, abin da ya sa Sarkin Benin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa a Maris na 2018 ya warware rantsuwar. Matan da ke tafiya aikatau ƙasashen Larabawa daga Kano da sauran garuruwan arewa, da masu bin hanyar Agadas zuwa Libiya, yawanci ta hannun eja suke bi, wanda wata 'yar uwa ko maƙwabciya ta gabatar. Shi ke yin fasfo, shi ke biyan kuɗin jirgi ko na mota a matsayin bashi, in an sauka kuma a karɓe fasfon.